Idan Bature ya ce "a few years", shekara nawa yake nufi?

Ɗalibar Jarida: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da magana, idan na kauce a gyara mini. Aikin fassara aka ba mu a aji, duk labaran hasashe ne, na tattalin arziki da na yanayi da na yaƙi. Da na zauna da su sai na ga 'yan kalmomi ne ke ta dawowa, don haka na tsara wa kaina ma'auni. "A couple of" biyu ne. "A few" uku ne ko huɗu. "Several" daga biyar zuwa bakwai. "Soon" bai wuce wata guda ba. "Near term" bai wuce shekara ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, Turanci harshen agogo ne, kowace kalma da adadinta, mu ne dai ba mu koya ba. Saboda haka wanda ya ce abu zai faru "in a few years", aka shiga shekara ta biyar bai faru ba, hasashensa ya faɗi. Kuma mai fassara yana da damar rubuta "shekara uku zuwa huɗu" kai tsaye, mai sauraro ya huta da kame-kame.

Alhaji na Kwari: Wa alaikumus salam. 'Yar nan, ni ina bayanki, domin abin ya taɓa cina. Wata shekara a tsakiyar Sha'aban, wakilin kamfanin da ke ɗauko mana kaya ya rubuto cewa kwantenar shaddata za ta iso "in a couple of weeks". Yaron shagona ya karanta ya ce mako biyu. Na lissafa, farkon azumi ke nan. Na karɓi kafin alƙalami a hannun 'yan sari na Gusau da na Damagaram. Kaya ba su sauka ba sai ran 24 ga azumi, lokacin teloli duk sun rufe karɓar ɗinki. Na mayar wa mutum huɗu kuɗinsu, ɗaya har yau bai sake tako ƙofar shagona ba. Da na yi wa wakilin magana sai ya ce ai shi bai ce kwana 14 ba. To idan "couple" ba biyu ba ne, mene ne?

Baba Malamin Turanci: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Mako biyar da rabi ya wuce "a couple of weeks" ko a bakin wa, wannan wakili bai kyauta ba. Amma 'yata, ma'aunin nan naki ki ajiye shi. Shekara 31 na yi ina koyar da harshen nan, ban taɓa ganin inda aka yanka wa waɗannan kalmomi adadi ba. Ki buɗe ƙamus. "Several" cewa za a yi ya fi biyu amma bai kai da yawa ba, shi ke nan. "A few" kaɗan ne kawai. "A couple" asalinsa biyu ne, amma ƙamus ɗin da kansa zai ƙara miki cewa a maganar yau da kullum ana nufin kaɗan da ba a ƙidaya ba. Biyu, uku, wani lokaci har huɗu.

Sannan ki lura da abin da ƙaramin ƙari ke yi. "Few" shi kaɗai yana nufin kusan babu. "A few" yana nufin akwai, ko da ba yawa. "Quite a few" kuwa ya juye gaba ɗaya, yana nufin da yawa. Idan mutum ya ce miki abu zai ɗauki "quite a few years", ba ce miki ya yi ya kusa ba, haƙuri yake ba ki. A wane gida na jadawalinki za ki sa wannan?

Ɗalibar Jarida: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ai a makaranta an koya mana couple biyu ne, kamar miji da mata.

Baba Malamin Turanci: An koya miki daidai. Ke ma an koya miki biyu biyu ne. Amma idan kika haɗu da ƙawarki kika ce "kwana biyu ban gan ki ba", kwana nawa kike nufi? Wata uku ma kan yi. Idan maƙwabci ya ce "ara mini tsaninka na kwana biyu", ba wanda zai tsaya masa a ƙofa da safiyar rana ta uku. Harshen da ke da gobe da jibi da gata da citta, kowace da ranarta ba kuskure, shi ne dai yake da "kwana biyu" da "an jima" da "baɗin baɗaɗa". Turanci ma haka yake. Yana da "fortnight", kwana 14 cif, wanda mutanen Ingila ke amfani da shi, Amurkawa kuwa da wuya ki ji a bakinsu. Yana kuma da kalmomin da aka bari a sake da gangan.

Malam na Maraɗi: Baba ya faɗi gaskiya. Mu nan da Faransanci muke aiki, kuma a can har lambar kanta ba ta tsaya a inda take ba. "Quinze jours" a rubuce kwana 15 ne, amma mako biyu ake nufi. "Huit jours" kwana 8 ne a rubuce, mako guda ake nufi. Ba wanda ya taɓa kiran Bafaranshe maƙaryaci a kan wannan. Zancen cewa akwai harshen da kowace kalmarsa agogo ce, ni ban yarda da shi ba.

Ustaz: Ina neman izinin sa baki. Akwai harshen da ya yi wa irin wannan kalma iyaka. A farkon Suratur Rum, Allah Maɗaukaki ya ba da labari cewa Rumawa da aka rinjaya za su yi rinjaye "fi bid'i sinin". Malaman lugga da na tafsiri sun ce "bid'i" daga uku ne zuwa tara. Kalmar ce dai ta zo a Suratu Yusuf a kan shekarun da ya yi a kurkuku. Ba ta faɗi shekara kaza ba, amma tana da ƙasa tana da sama. Na kawo wannan ne don a ga cewa kalmar kintace tana iya samun shinge.

Ɗalibar Jarida: Allah ya gafarta Malam, ai maganata ke nan! Idan Larabci ya iya, me zai hana a ce "a few" ma tana da nata shingen?

Baba Malamin Turanci: Abin da zai hana shi ne masu harshen ba su kafa shi ba. Shingen "bid'i" an naƙalto shi daga Larabawa, an rubuta, an yi ittifaƙi a kan mafi yawansa. Na "a few" ke kika kafa shi jiya da dare. Ki tara Turawa goma ki tambaye su ko shekara biyar ta shiga "a few years", za su rabu. Ba jahilai kaɗai ba, har ƙwararru. A 1951 hukumar leƙen asirin Amurka ta rubuta a wani rahoto cewa kai wa Yugoslabiya hari a shekarar "serious possibility" ne. Sherman Kent, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta, ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ya nufa. Wani ya ce kashi 20 cikin 100, wani ya ce kashi 80. Mutanen da suka sa hannu a kan jimla guda ke nan. Wancan a kan yiwuwa ne, amma ciwon ɗaya ne da na lokaci.

Mai Fassara: Ku ba ni dama in karkata akalar kaɗan, don a ganina ana faɗa a inda ɓarnar ba ta fi yawa ba. Shekarata 12 ina fassara labarai a rediyo. Abin da ya fi jefa mu a rami ba "few" ba ne, ƙaramar kalmar da ke gaban adadin ce: "in", "within", "by", "over". Ga misali da duk muka shaida. Ranar Alhamis 19 ga Yunin 2025, mai magana da yawun Fadar White House, Karoline Leavitt, ta karanta saƙon Trump cewa zai yanke shawarar kai wa Iran hari ko fasawa "within the next two weeks". Da asubahin Lahadi 22 ga wata sojojin Amurka suka kai hari cibiyoyin nukiliyar Iran da ke Fordo da Natanz da Isfahan. Kwana uku bai cika ba. A unguwarmu kowa cewa yake an saɓa wa'adi. Amma "within" ba ta ce a ƙarshen mako biyu ba. Cewa ta yi kowane lokaci daga yanzu, kada dai a wuce mako biyu. Rufi ta sa, ba ta sa daɓe ba.

Alhaji na Kwari: Malam, wannan kare maƙaryaci ne. Mutum ya ce mako biyu, ya yi a kwana uku, ka ce bai saɓa ba?

Mai Fassara: Alhaji, ba kare shi nake ba, harin nan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Magana biyu ce. Ko an faɗi hakan ne don a sa Iran ta saki jiki, wannan tambaya ce a kan niyya, kuma mai zargin haka yana da abin riƙewa. Amma ko jimlar ta karye, wannan tambaya ce a kan harshe, kuma ba ta karye ba. Abin da ya dame ni shi ne namu hannun a ciki. Da yawanmu "nan da mako biyu" muka ce, mai sauraro kuwa abin da ya ji shi ne "sai bayan mako biyu".

Ɗalibar Jarida: Yaya, ai "nan da mako biyu" daidai ne. Daga nan zuwa mako biyu. Shi ne "within".

Ustaz: Ni a kunnena ba haka ba ne. Idan aka ce "nan da mako biyu za a ɗaura aure", ba wanda zai sa babbar riga ya je jibi.

Ɗalibar Jarida: Amma idan aka ce "nan da mako biyu zan biya ka", aka kawo kuɗin jibi, ba wanda zai ce an saɓa.

Hajiya Likita: Ku biyun duk kun yi daidai, kuma a nan ne nake ganin Mai Fassara ya sassauta wa masu mulki da yawa. Bashi da barazana ba ɗaya ba ne. Wanda ya biya bashi kafin wa'adi ya kyauta. Wanda ya kai duka kafin wa'adi ya yi shammata. Mai jin barazana ƙarshen wa'adin yake kallo, domin a can ne yake lissafin sauran numfashinsa. Masu rubuta wa shugabanni jawabi sun san haka sarai. Don haka ba zan karɓi cewa harshe daban, niyya daban ba. Wanda ya zaɓi kalmar da ya san za a ji ta ta wata fuska, da harshen ya yi aikin.

Mai Fassara: Hajiya, na karɓi rabin maganarki. Amma ki duba, idan masu ƙarfi suna amfani da irin wannan kalma don su ruɗar, maganinsu shi ne mu fassara ta da tsantseni har tarkon ya fito fili. Da mun ce "kowane lokaci kafin cikar mako biyu", da mai sauraro a Funtuwa ya san cewa gobe ma tana ciki. Tsawon jimlar ya ƙaru da kalma biyu, amma ba wanda zai wayi gari yana cewa an yaudare shi.

Kuma ƙanwata, ga dalilin da ya sa nake tsoron shawararki ta sa lamba. Daren Juma'a 18 ga Fabrairun 2022 ina bakin aiki, saura minti goma a shiga labarai, takarda ta iso: Biden ya ce suna da dalilin gaskata cewa Rasha za ta kai wa Yukren hari "in the coming week, in the coming days". Edita ya leƙo ta kan kafaɗata, biro a kunne, ya ce kwana nawa za mu ce? Na ce ba za mu ce ba. Na rubuta "cikin 'yan kwanaki masu zuwa". Rasha ta shiga ran 24 ga wata, kwana shida. Da na bi ma'auni irin naki na ce uku ko huɗu, da ran 23 masu sauraro sun ce hasashen ya faɗi, alhali ni ne na ƙirƙiri ƙaryar na liƙa wa mai maganar. A farkon wannan Fabrairun ne ma Jen Psaki, mai magana da yawun fadar a lokacin, ta ce sun daina kiran harin "imminent", domin kalmar tana isar da saƙon da ba su nufa ba, wato kamar sun san Putin ya riga ya yanke shawara. Masu harshen da kansu suna janye kalma idan ta yi musu gudu.

Ma'aikacin Banki: Tun ɗazu nake karantawa. A fagenmu an gwada abin da ƙanwarmu ke so, an ga sakamakonsa. Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifiri a Disambar 2008, ya ce zai zauna haka "for some time". A Maris 2009 ya sauya zuwa "an extended period". A Agustan 2011 ya sa lokaci ƙarara, aƙalla zuwa tsakiyar 2013. Daga baya ya ɗage lokacin, ya sake ɗagewa. Sai aka koma cewa kuɗin ruwan zai zauna ƙasa na "a considerable time" bayan bankin ya daina sayen takardun lamuni.

Ranar 19 ga Maris 2014, a taronta na farko da 'yan jarida a matsayin shugabar bankin, aka tambayi Janet Yellen ma'anar wannan "considerable time". Ta ce abu ne mai wuyar fayyacewa, amma wataƙila kamar wata shida. Kafin ta tashi daga kujera farashin hannun jari ya faɗi, domin kowa ya ɗauki alƙalami ya fara ƙirga wata shida. Me ya faru? An daina sayen takardun a Oktoban 2014. Ba a ƙara kuɗin ruwa ba sai Disambar 2015. Wata 14. Shugabar bankin da kanta ta sa wa kalmarsu lamba, lambar ba ta tsaya ba. Ina ga mai fassara?

Alhaji na Kwari: To ai ka ƙara mini hujja. Sun sa rana, ta zo, sun ji kunya, sai suka koma kalmar da ba a iya kama su da ita. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wanda ya ƙi sa rana gudun kunya yake. Mu a kasuwa, wanda ya ce "zan biya ba da jimawa ba" ba mu rubuta shi cikin masu biya.

Ma'aikacin Banki: Alhaji, mai bashi ya san abin da ke aljihunsa. Bankin bai san yadda farashi da aikin yi za su kasance baɗi ba. Idan bai sani ba ya ce wata shida, ƙarya ya yi ko da ya dace. Wani lokaci kalma marar lamba ita ce iyakar gaskiyar da mutum ke da ita.

Alhaji na Kwari: Sai ya ce bai sani ba.

Ma'aikacin Banki: Ya san wani abu. Ya san ba gobe ba ne, ya san ba wata mai zuwa ba ne. "A considerable time" abin da take ɗauke da shi ke nan, kuma ga mai neman rance wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Hajiya Likita: Ni a nan ina tare da Alhaji, kuma dalilina daga asibiti yake. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen ƙirƙirarriyar basira, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2024, ya faɗa a Toronto cewa a daina horar da likitocin da ke karanta hotunan asibiti, domin "within five years" kwamfuta za ta fi su iyawa, ya ƙara da cewa wataƙila shekara goma. Maganar ta yi yawo har ta iso ɗakunan karatunmu. Na san ƙananan likitocin da suka yi ta juya ta a ransu lokacin zaɓen fanni, a ƙasar da mara lafiya kan jira kwanaki kafin a samu mai duba masa hoton ƙwaƙwalwa. Shekara biyar ta wuce, asibitocin duniya suna nan suna neman waɗannan likitoci. Shi kansa daga baya ya yarda cewa ya faɗaɗa maganar fiye da kima kuma ya kuskure lokacin. Na ji zafin maganarsa, amma ina girmama abu guda: ya sa lamba, shi ya sa aka iya auna shi, shi ya sa ya iya dawowa ya gyara. Da "in the foreseeable future" ya ce, da har gobe ba wanda zai iya ce masa ka yi kuskure.

Haka a Maris 2020, Anthony Fauci, babban likitan cututtuka masu yaɗuwa na Amurka a lokacin, ya ce allurar rigakafin korona za ta ɗauki shekara guda zuwa shekara da rabi. Ran 8 ga Disamba aka yi wa mutum na farko a Ingila allurar da hukuma ta amince da ita. Wata tara. Mun san an riga wa'adi ne saboda akwai wa'adin.

Baba Malamin Turanci: Hajiya, ban musa miki ba. Mai hasashe ya fi kyautawa idan ya sa lamba. Shugaban Amurka Kennedy a ran 25 ga Mayun 1961 ya ce Amurka za ta sauke mutum a duniyar wata ta dawo da shi lafiya "before this decade is out". Aka sauka ran 20 ga Yulin 1969, ba wanda ya yi gardama. Ko da yake ki lura, da cewa ya yi "within a decade", da wa'adin ya kai Mayun 1971, kusan shekara da rabi ke tsakanin jimlolin biyu, kuma mu duka "cikin shekara goma" muke son fassara su. Inda muka rabu da 'yata shi ne wa ke da haƙƙin sa lambar. Mai maganar ne. Idan ya ƙi, ɗan jarida ya matsa masa da tambaya, kamar yadda aka yi wa Yellen. Idan ya sake ƙi, a kawo wa mai sauraro maganar a sake yadda take, ya ga da idonsa cewa mutumin bai ɗaure kansa ba. Wanda ya cike masa gurbin ya rufa masa asiri ne, kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Malam na Maraɗi: Ina koyar da labarin ƙasa, bari in taɓa "near term" da ƙanwarmu ta ce bai wuce shekara ba. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya yi abin da Hajiya ke so, ya fayyace kalmominsa. "Near term" a wurinsu daga 2021 ne zuwa 2040. "Mid-term" 2041 zuwa 2060. "Long term" 2081 zuwa 2100. Shekara 20 ita ce kusa. A wurin masu hasashen ruwan sama kuwa, "short range" bai wuce awa 72 ba, "medium range" ya tsaya a kwana 10. To manomin gero a Tasawa da ya ji a rediyo cewa "nan gaba kaɗan" zafi zai ƙaru, daminar bana zai ɗauka, alhali masu rahoton suna maganar lokacin da ɗansa na goye zai yi aure.

Na kuma ga ɓarnar "by" da idona. Rahoton da kwamitin nan ya fitar a Oktoban 2018 ya ce idan ana so ɗumamar duniya ta tsaya a digiri 1.5, dole hayaƙin da ake fitarwa ya ragu da kusan kashi 45 cikin 100 "by 2030", idan aka auna da na 2010, ya kai babu ragowa wajen 2050. Jaridu suka ce saura shekara 12. Kafin ta iso ajina ta zama duniya za ta tashi a 2030. Wani yaro ɗan shekara 14 ya tsaya bayan an tashi, ya tambaye ni a hankali ko akwai amfanin ya ci gaba da karatu. Wa'adin aiki ne aka mayar ranar halaka.

Ɗalibar Jarida: Na ji, kuma na janye zancen sa lamba a fassara. Amma ban janye duka ba. Baba da kansa ya ce mako biyar da rabi ya wuce "a couple of weeks" ko a bakin wa. Ke nan akwai iyaka, ko da ba a rubuta ba. Shekara 15 ba "a few years" ba ce. Wanda ya ce "soon" aka shekara goma, ya faɗi. Idan muka ce kalmomin nan ba su da shinge sam, mun ba kowane mai hasashe ƙofar gudu.

Baba Malamin Turanci: Wannan na ba ki, 'yata. Akwai iyaka, sai dai ba layi ba ce, kamar bakin tafki take, ba ki iya nuna inda ruwa ya ƙare taɓo ya fara, amma kin san lokacin da kike tsaye a kan tudu. Shekara biyu zuwa huɗu ba mai musa miki "a few years". Biyar, shida, bakwai, za a yi gardama. Goma ta fita, domin mai nufin goma yana da "a decade" a hannu, da ita zai ɗauka. Da haka ake kama su: ki tambayi kanki wace kalma ce ta fi dacewa da ya bari bai ɗauka ba.

Alhaji na Kwari: Ku dai ku yi ta awo. Ni tun daga waccan shaddar, duk wanda ya rubuto mini "couple" ko "shortly", yarona na mayar masa da layi guda: a rubuto ranar wata. Wanda ya ƙi, ba na karɓar kuɗin kowa a kan maganarsa. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa mai mulkin da ya ƙi sa rana ya san abin da yake gudu.

Ɗalibar Jarida: Yaya Mai Fassara, saura jimla guda a aikin nawa, gobe da safe zan miƙa. An rubuta cewa abin "could happen as early as next year". Na fassara "zai faru a shekara mai zuwa".

Mai Fassara: Kin zubar da abu biyu, ƙanwata. "Could" ba "zai" ba ce, "yana iya" ce. "As early as" kuma kishiyar "within" ce: waccan rufi ta sa, wannan daɓe ta sa. Cewa take mafi kusan lokacin da abin zai iya faruwa shi ne baɗi, amma bayan baɗi a buɗe yake, ko shekara nawa ne. Rubuta haka: "abin yana iya faruwa, idan ya yi sauri a baɗi." Ki turo mini sauran shafukan kafin sallar isha'i, in duba miki duk inda "by" da "within" suka fito.